Kowane Tsiro Da Mazauninsa: A Auna Fadama Kafin A Dasa Mata Itace

Sanin kowa ne cewa da zarar damina ta kankama a jihar Katsina, sai a shiga bukukuwan ƙaddamar da dashen itatuwa. A kafa rumfa, a jera kujeru, babban baƙo ya durƙusa ya sa ɗan itace a rami, a zuba masa ruwa, a tafa, sa'an nan a sanar a rediyo cewa bana za a dasa dubu kaza. Abin da ba kasafai muke ji ba shi ne labarin wanda ya koma wurin a watan Afrilu, lokacin da rana take tsakiyar ƙunarta, domin ya ƙirga nawa ne suka rayu. Mun saba da auna aikin da yawan ramukan da aka haƙa, alhali inuwa da ruwa da abincin dabbobi muke nema.

Maganar ta wuce ta biki, domin kuɗin da ke cikinta ba kaɗan ba ne. A watan Disamba na 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL, wanda aka tsara don farfaɗo da ƙasar da ta lalace a jihohin Arewa 19 da Abuja, har ana fatan gyara hekta miliyan 1. Katsina na cikin jihohin. Wannan kuɗi bashi ne, kuma 'ya'yanmu da jikokinmu ne za su biya. Saboda haka muna da haƙƙin tambaya: wane itace za a dasa, a wane wuri, kuma da wace hujja aka zaɓi wurin? Amsar da muke ganin ta dace ita ce, kada a dasa ko ɗaya a fadama ko a bakin rafi sai an fara sanin halin ruwan wurin da ƙasarsa, an kuma zana taswirar abin da zai iya rayuwa a can. Waɗanda suka fi kowa shan wuyar koyon wannan darasi su ne mutanen bakin teku, don haka bari mu fara leƙa wurinsu kafin mu dawo gida.

Darasi daga bakin teku

A ƙasashe masu zafi, inda kogi ke haɗuwa da teku, akwai wani daji da ke tsirowa cikin taɓo mai gishiri, ana kiran itatuwansa mangurof. Saiwoyinsu na tsayawa a sarari kamar ƙafafun gizo-gizo, suna riƙe ƙasa, suna karya ƙarfin igiyar ruwa, kifi da jatan lande kuma suna hayayyafa a ƙarƙashinsu. Ranar 26 ga Disamba 2004, girgizar ƙasa ta ƙarƙashin teku ta tayar da ambaliyar da ta hallaka mutane fiye da 200,000 a ƙasashen da ke kewaye da Tekun Indiya. Bayan wannan masifa, gwamnatoci da ƙungiyoyin agaji suka zuba kuɗi wajen dasa mangurof domin ya zama garkuwa ga garuruwan gaɓa.

To, me ya biyo baya? A ƙasar Siri Lanka masana sun bi wurare 23 da aka yi wannan dashe, suka buga sakamakon bincikensu a 2017. A wurare 9 ba su tarar da ko itace ɗaya da rai ba, kuma wurare 3 ne kacal inda fiye da rabin abin da aka dasa ya rayu. A Filifin ma, wani nazari da masaniyar nan Jurgenne Primavera da abokiyar aikinta suka fitar a 2008 ya nuna cewa bayan shekaru ana dashe, abin da ke rayuwa bai wuce kashi 10 zuwa 20 cikin 100 ba. Kuɗi ya isa, hannu ya isa, niyya ma tana da kyau. Abin da ya ci aikin shi ne an ɗauki irin da ya fi sauƙin reno a gandu, aka kai shi inda ba mazauninsa ba.

Dalilin kuwa a fili yake. Ruwan teku yana hawa yana sauka kullum, kuma kowane irin mangurof yana da iyakar sa'o'in da zai iya jurewa ƙafarsa na cikin ruwa. Wani na son can gaba inda igiya ke bugu, wani na son baya inda ruwa ke isa sai an yi babban cika. Bambancin tudu da bai wuce kamu ɗaya ko biyu ba na iya raba wurin da itace zai yi girma da wurin da zai nutse. Masu dashe sun fi son fili mai faɗi wanda ba mai shi, wato taɓon da ke can ƙasa, domin a nan ba rigimar gona kuma hoto ya fi kyau. Sai dai filin ya zauna fayau ne tun asali saboda mangurof ba ya iya zama a cikinsa. Wani masani ɗan Amurka, Robin Lewis, ya shafe shekaru yana nanata cewa a fara gyara hanyar ruwa da tsayin ƙasa, idan kuwa akwai iyayen itatuwa a kusa, ruwa da kansa zai kawo iri ya shuka.

Mu ma a Nijeriya muna da namu tabon, amma ta wata fuskar. A 1906 Turawan mulki suka kawo wani irin kwakwa mai suna nipa daga Singafo suka dasa a Kalaba, daga baya aka ƙara a Oron a 1912, da nufin tare zaizayar gaɓa. Wannan karo itacen bai mutu ba, ya ma yi ƙarfin da ya wuce kima. 'Ya'yansa na yawo a kan ruwa, ya bazu cikin rafukan gaɓar Nijeriya har ya shiga Kamaru, yana mamaye duk inda aka sare mangurof na asali, yana hana shi dawowa. Ashe kuskuren zaɓen tsiro iri biyu ne. Ko dai ya mutu a yi asarar kuɗi, ko kuwa ya rayu ya kori na gida, wanda gyaransa ya fi tsada.

Yadda ake zana taswirar mazaunin tsiro

Irin wannan asara ce ta sa masana suka ƙara dogara da wata dabara ta hasashen inda kowane tsiro zai iya zama. Tushenta ba baƙon abu ba ne ga manomi. Tsoho na iya duban wuri ya ce nan gero zai yi, can kuwa sai dawa, domin ya shekara da shekaru yana haɗa abin da ya ga ya tsiro da irin ƙasar da ya gan shi a kai. Abin da kwamfuta ta ƙara shi ne tana iya yin wannan haɗi a kan ƙasa mai faɗin da ƙafar mutum ɗaya ba za ta taɓa zagayewa ba. An fara irin wannan lissafi a Ostireliya a shekarun 1980, sa'an nan a 2006 Steven Phillips da abokan aikinsa suka bayyana wata manhaja mai suna Maxent, wadda kyauta ake samunta, kuma ta zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi amfani da su.

Alal misali, a ce goruba muke so mu san mazauninta. Da farko sai ma'aikata su fita da na'urar nuna wuri, su rubuta daidai inda suka tarar da goruba tana tsaye da kanta, a ce wuri 300. Na biyu, sai a tattaro taswirori na yankin gaba ɗaya, kowace tana nuna abu guda: yawan ruwan sama, zafi, irin ƙasa, tudu da kwari, nisa daga rafi, kwanakin da ruwa ke kwanciya, da zurfin ruwan ƙarƙashin ƙasa. A jera su ɗaya bisa ɗaya kamar an jera tabarmi. Kwamfuta sai ta duba abin da wuraren nan 300 suka yi tarayya a kai wanda ya bambanta su da sauran ƙasar, daga nan ta nemo duk inda ke da irin wannan hali, ko da yau babu goruba ko ɗaya a wurin. Sakamakon shi ne taswira mai launi, wadda ke nuna inda ake kyautata zaton itacen zai yi, da inda ake shakka, da inda bai kamata a ɓata ko kwabo ba.

Mai aikin kirki ba ya tsayawa nan. Yakan ɓoye wani kashi na wuraren da aka rubuta, bai nuna wa kwamfuta ba, sai bayan ta gama ya gwada ko ta iya gano su. Idan ta kasa, taswirar ba ta da amfani, sai a sake. Kayan aikin kuma sun yi sauƙi ƙwarai. Tun 2008 Amurka ta buɗe hotunan taurarin ɗan'adam na Landsat kyauta, waɗanda suka faro daga 1972, kuma daga 2015 Turai ta harba taurarin Sentinel-2 da ke iya nuna fili mai faɗin mita 10 suna kuma dawowa kansa cikin 'yan kwanaki. Wato ɗalibi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma na iya zama ya ga ranar da ruwa ya shiga wata fadama da ranar da ya janye, shekara bayan shekara.

Kacala ta nuna mana a Haɗeja da Nguru

Mai karatu na iya cewa mu ina ruwanmu da teku, mu da ko jirgin ruwa ba mu gani. Amsar ita ce abin da hawa da saukar teku ke yi wa gaɓa a kowace rana, shi ne ambaliyar damina da janyewar rani ke yi wa fadama a kowace shekara. Kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, domin maƙwabtanmu na Jigawa da Yobe sun riga sun ɗanɗana.

Dausayin Haɗeja da Nguru ya rayu ne a kan ruwa mai zuwa ya tafi. Da damina kogin Haɗeja da na Jama'are su cika su malale, a noma shinkafa, a kama kifi. Da ruwa ya janye a shuka wake da sauran amfanin rani a danshin da ya bari, makiyaya kuma su sauko da shanu. A 1974 aka kammala madatsar Tiga, a 1992 aka ƙara ta Calawa. Ƙasar da ruwa ke mamayewa, wadda ta haura murabba'in kilomita 2,000 a 1969 da 1974, ta koma ƙasa da 1,000 a farkon shekarun 1990, fari da madatsu suka haɗu a kanta. Amma canjin da ya fi ɓarna a wasu wurare shi ne na lokaci. Maimakon kogi ya cika ya bushe, sai aka riƙa sako ruwa kaɗan-kaɗan har cikin rani.

Akwai ciyawar da ba abin da take so kamar wannan hali, ita ce kacala. Tana son ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa. A da, ranin da ke busar da kwarin kogi shi ke hana ta sakat. Da aka ɗauke mata wannan takunkumi sai ta cika hanyoyin ruwa, ta tare yashi da laka, ta toshe wasu rassan kogin ƙaf, ruwa ya karkata ya cinye gonaki a wani gefe, wani gefen kuma ya bushe. Masunta suka rasa hanyar kwalekwale, tsuntsayen jan baki suka sami maɓoya suna faɗa wa hatsi, sauro da katantanwar da ke yaɗa tsargiya suka ƙaru. An sha kai injuna da ma'aikata su share ta, amma muddin halin ruwan bai canja ba takan dawo. Babu wanda ya dasa kacala. Ruwa ne ya kira ta, kuma da an tambayi mai taswira tun farko cewa wane tsiro ne zai ji daɗi idan kwarin ya daina bushewa, da bai sha wuyar amsawa ba.

Fadamun Katsina

Jiharmu doguwa ce daga kudu zuwa arewa. Ruwan saman da ke sauka a wajen Funtuwa yakan kai milimita 1,000 a shekara, na birnin Katsina kuwa yana wajen 600, yana kuma raguwa yayin da ake dosar iyakar Nijar. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa jerin itatuwa guda ɗaya ba zai wadaci ƙananan hukumomi 34 ba. Daɗin daɗawa, ko a ƙauye ɗaya, daga tsakiyar fadama zuwa tudu ana ratsa mazauni huɗu ko biyar cikin tafiyar minti goma.

Duk wanda ya taso a karkara ya san jerin. A cikin ruwa mai zurfi bado ne. Inda ruwa ya yi ƙasa, sai burgu da shinkafa. Inda ruwa ke kwanciya na makonni sa'an nan ya janye, giyayya da bagaruwa ne ke jurewa. A gefe, inda ruwan ƙasa ke kusa amma ba ya rufe saiwa, ana samun goruba da giginya da kanya. Gawo na son jigawa mai yashi wadda doguwar saiwarsa za ta ratsa ta kai ga ruwa. Can kan tudu kuma kalgo da sabara da aduwa da magarya ke riƙe ƙasa. Bedi, wanda wasu ke kira darbejiya ko dogonyaro, ya yi mana rana a bakin hanya da ƙofar gida tun da aka kawo shi Barno a wajen 1928, amma ba ya jure ruwa ya kwanta masa. Itacen turare kuwa yana da saurin girma, yana ba da azara, sai dai mashayi ne. A Afirka ta Kudu, tun 1995 gwamnati ta kafa shiri na musamman tana biyan mutane su sare irin waɗannan baƙin itatuwa daga bakin rafuka domin ruwa ya dawo. Idan muka jera turare a bakin 'yar fadamar da mata ke ɗiban ruwa masu lambu ke ban ruwa, mun gyara wa mai sayar da katako, mun ɓata wa ƙauye.

Ba yau aka fara dashe a nan ba. Bayan farin 1973 da na 1984, an kafa shingayen itatuwa masu tare iska a arewacin jihar, kuma a ƙarshen shekarun 1980 Ƙungiyar Tattalin Arzikin Turai ta haɗa hannu da gwamnati a wani babban shirin dashe na Katsina. Wasu daga cikin itatuwan nan suna tsaye har yau, sun kuma cancanci yabo. Amma aikin tudu daban, aikin fadama daban, kuma fadamun da kansu sun canja hali. Madatsar Ajiwa da ke kan kogin Tagwai, da ta Zobe da aka kammala a 1983 kusa da Dutsin-ma, da ta Jibiya da ke kan kogin Gada, kowace ta sauya lokacin da ruwa ke isa ƙasa da ita da yawan da ke isa. Kogin Gada shi ne ke zama Gulbin Maraɗi idan ya tsallaka iyaka, shi ya sa ma Nijeriya da Nijar suka sa hannu a yarjejeniyar Maiduguri a 1990 kan rabon ruwan da suka yi tarayya. Wurin da kakanninmu suka sani da giyayya mai yiwuwa yau ya zama na aduwa.

Ruwan sama ma ya sake salo. Wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu zubar da ruwa da ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Ba mu manta da daren watan Yuli na 2018 ba, lokacin da ambaliya ta auka wa Jibiya ta kashe mutane fiye da 40. Fadama mai lafiya da ciyawarta da itatuwanta tana shanye irin wannan ruwa ta sake shi a hankali. Haka nan a cikin birnin Katsina, kududdufan da aka haƙa domin ƙasar gini da ta ganuwa su ne ke karɓar ruwan unguwanni, kuma da yawa an cike su da shara an yi gini a kai. Rafin Ginzo, wanda masu lambu ke dogara da shi ta wajen Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi, shi ma yana bukatar a san abin da ya dace da gaɓarsa. Waɗannan su ne namu bakin tekun.

Abin da Maraɗi ta gano

Tafiyar 'yan sa'o'i daga Katsina akwai hujjar da ta fi kowace ƙarfi. A farkon shekarun 1980, wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo yana aikin dashen itatuwa a Maraɗi ƙarƙashin mishan ta SIM, kuma mafi yawan abin da suke dasawa yana mutuwa. A 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace bazara a gonakinsu toho ne daga kututturan manyan itatuwa da aka sare, waɗanda saiwarsu ke da rai a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar da ta fito daga nan, wadda manoma suka raɗa wa suna sassabin zamani, ita ce a zaɓi reshe mafi ƙarfi ko 'yan kaɗan a kowane kututture, a datse sauran, a kare su har su girma. Bayan shekara 20, hotunan sama suka nuna cewa a jihohin Maraɗi da Damagaram an farfaɗo da ƙasa wajen hekta miliyan 5, da itatuwa kusan miliyan 200, mafi yawa ba dasa su aka yi ba. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta duniya saboda wannan aiki.

Sai mu auna wannan da Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007, wadda da farko aka zana ta a matsayin layin dashe daga Dakar zuwa Jibuti. Rahoton da aka fitar a 2020 ya nuna an gyara wajen hekta miliyan 4 ne a cikin yankin da aka keɓe, daga miliyan 100 da ake fata zuwa 2030, kuma masu shirin da kansu sun bar maganar layi guda sun koma ga gyaran ƙasa wuri-wuri. Me ya sa kututture ya fi ɗan gandu? Saboda kututture shaida ne cewa wannan iri ya riga ya ci jarrabawar wannan wuri. Gawon da ya toho da kansa a gona, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya kuma ba dabbobi abinci da rani, ya san inda ruwa yake. Kowane kututture mai rai ɗigo ne a kan taswirar da muke magana.

Inda taswira ke tsayawa

Kada kuma mu ɗauki kwamfuta kamar mai duba. Abin da aka ba ta shi take tauna. Idan ma'aikata sun bi bakin kwalta kawai suna rubuta itatuwa, taswirar za ta koyi halin bakin kwalta ne. Matsalar tsaro da ta yi ƙamari daga 2019 a Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa da kewayen dajin Rugu ta hana masu bincike shiga wurare da yawa, saboda haka duk taswirar da aka zana a waɗannan shekaru tana da giɓi a daidai inda dajin ya fi yawa. Haka kuma, rashin ganin itace a wuri ba ya nufin ƙasar ta ƙi shi, wataƙila gatari ne ya riga mai bincike isa.

Akwai kuma abubuwan da tauraron ɗan'adam ba ya gani. Ba ya ganin akuya. Ba ya sanin burtali ko mashayar da makiyaya suka gada, ko wanda ke da haƙƙin yankan kaba, ko wanda ya ari gonar da wanda ya ba da aro. Idan aka killace fadama aka dasa itace ba tare da an zauna da manomi da makiyayi da mai lambu da matan da ke neman itacen girki ba, an shuka rigima ne. A Nijar ma sassabin zamani ya yi ƙarfi ne lokacin da manomi ya tabbata cewa itacen da ya rena nasa ne, ma'aikacin gandun daji ba zai ci shi tara a kansa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka taswirar da ba a shimfiɗa ta a gaban mai unguwa da dattawa sun gyara ba, rabin taswira ce.

Abin da muke kira a yi

Na farko, duk hukumar da ta dasa itace da kuɗin jama'a ta riƙa sanar da adadin da ya rayu bayan rani ɗaya da bayan rani uku, wuri-wuri da iri-iri, kamar yadda take sanar da adadin da ta dasa. Wannan kaɗai zai sa kowa ya fara tambayar wuri kafin ya haƙa rami.

Na biyu, kafin a taɓa kowace fadama, a ba ta shekara guda ta awo. A kafa sanda mai alama a tsakiyarta, a riƙa rubuta tsayin ruwa kowane mako, a auna zurfin rijiyoyin kewaye a watan Afrilu. Malamin gona da ɗaliban makarantar sakandare na iya yin wannan da littafi da fensir.

Na uku, jami'o'inmu da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman su haɗa kai da ma'aikatar muhalli su zana taswirar mazaunin itatuwanmu na gida, da sunayensu na Hausa da Fulfulde, a kai kowace ƙaramar hukuma a liƙa inda jama'a za su gani. A haɗa da kududdufan birni da suka rage, a hana cike su.

Na huɗu, gandayen renon itatuwa su daina cika da abin da ya fi sauƙin reno. A nemi irin giyayya da kanya da goruba da gawo da tsamiya daga iyayen da ke yankin. Inda kuma kututture ke da rai, a rene shi, a kai kuɗin dashen inda babu.

Na ƙarshe ya shafe mu duka. Majami'u da masallatai da makarantu da ƙungiyoyin matasa na karɓar 'ya'yan itatuwa kyauta kowace damina. Kafin mu karɓa, mu zagaya filin, mu ga abin da ke tsirowa da kansa, mu tambayi tsofaffin unguwa abin da ke wurin a da, mu kuma sa sunan wanda zai yi ban ruwa har damina ta dawo. Itace goma da suka rayu sun fi dubu da aka yi wa biki. Allah ya ba shugabanninmu kunnen ji, ya ba mu damina mai albarka, amin.